Ku Tambaya Mu Amsa: Baƙo da neman aiki, daga Kanada har Garwa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu kan abu ɗaya suke, mutum ya bar garinsu ya je wata ƙasa neman abinci sai ya tarar abin ba yadda aka ba shi labari ba. Na zaɓo kaɗan daga ciki, na cire sunaye kamar yadda muka saba, na kuma rage gaisuwa don wasunku gaisuwar kaɗai ta isa ta cika shafi.

TAMBAYA: Salam Malam, ina wuni ya aiki. Ni uwa ce daga Garwa. Yaron wajena babban ya yi karatun injiniya a jami'ar Ngaundere, ya yi aiki shekara huɗu anan gida, sai ya cike wannan abin na Kanada Allah ya ba shi sa'a, muka saida fili muka haɗa masa kuɗi ya tafi shi da matarsa, yanzu shekara ɗaya da 'yan watanni kenan. Toh da farko yace mana yana neman aiki, daga baya matarsa ta faɗa wa ƙanwarsa wai kwali yake ɗauka da dare a wani sito, injiniya guda fa Malam, kuma abinda yake turowa bai taka kara ya karya ba, wani watan ma shiru. Babansu yace ɓoye mana yake ko kuma matar ce ta riƙe shi, ni kuma zuciyata bata yarda ba don na san abinda na haifa. Dan Allah da gaske ne mai digiri yana dako a can ko dai shi ne bai yi ƙoƙari ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Da gaske ne, kuma ki ce wa Alhaji ya sassauta wa yaron nan da matarsa, abin da kika ji ba baƙon abu ba ne a can. Hukumar ƙididdiga ta Kanada har ware waɗanda ba su wuce shekara biyar da sauka ba take yi ta lissafa su daban, kuma a tsakiyar 2024 rashin aikin yi a cikinsu ya haura kashi 12 cikin 100, ya ninka na waɗanda aka haifa a ƙasar. A ƙidayar 2021 kuma an ga cewa cikin baƙin da suka je da digirin waje, sama da ɗaya cikin huɗu aikin da suke yi ko wanda ya tsaya a sakandare zai iya yinsa. Ɗanki ma ya samu abin yi ne, akwai waɗanda suke zaune a ɗaki suna tura takarda kullum ba mai kira.

Ga inda matsalar take. Gwamnati ce ta ba shi izinin zama amma ba gwamnati ce ke ɗaukarsa aiki ba. Tsarin da yawancin yaranmu ke bi, Express Entry, tun 2015 yake, maki ake ba mutum kan shekarunsa da karatunsa da harshe da aikin da ya taɓa yi, sai a 2023 aka buɗe layi na musamman don masu Faransanci, shi ya sa kika ga kowane gida a Kamaru yanzu akwai mai zancen Kanada, har a 2024 ƙasarmu ta shiga cikin biyar na farko da suka fi samun takardar zama a can. To amma wannan layin na waɗanda za su zauna a wajen Kebek ne, Kebek kuwa ita ce lardin da Faransanci ke mulki kuma tana da nata tsarin daban. Sai yaro ya ci jarrabawar Faransanci da maki mai kyau ya sauka Ontariyo ko Alberta, ya je neman aiki, manaja ya buɗe baki da Ingilishi mai sauri kamar ana korarsa, shi kuma Ingilishin nasa na sakandare ne, ya iya karantawa amma waya ta gagare shi. Da yawa a nan suke fara tuntuɓe.

Na biyu, mai kamfani a can bai taɓa jin sunan Ngaundere ba. Takardar da ɗanki ya karɓa daga WES, cibiyar tantance takardun karatun waje, ko makamancinta cewa digirinsa daidai yake da nasu, ta yi masa amfani wajen samun maki, amma mai ɗaukar aiki abin da yake so shi ne lambar wani da zai kira a cikin ƙasar ya ce masa eh na san shi, ya yi min aiki, yana zuwa kan lokaci. Kuma kada mu yi saurin zaginsu, ki tambayi Alhaji, in yau wani saurayi ya sauko daga Bangi ta Afirka ta Tsakiya ya zo shagonsa da takardu masu hatimi ya ce a ba shi riƙon makulli da aljihun kuɗi, me zai fara tambayarsa? Wa ya san ka a garin nan. Zai dai iya ba shi sauke kaya daga mota ya ga kamun ludayinsa tukuna. To sauke kayan ne ɗanki yake yi yanzu.

Ga kuma aikin injiniya kansa, a Kanada ba ka da ikon kiran kanka injiniya ko sa hannu a zane sai ƙungiyar injiniyoyi ta lardin da kake ta ba ka lasisi, akwai duba takardu akwai jarrabawa akwai kuɗi akwai jira. Shekara da shekaru suna cewa sai ka yi aiki a cikin Kanada kafin a ba ka lasisin, kamfani kuma ya ce sai da lasisi, mutum ya rasa ta ina zai shiga. Ƙungiyar Ontariyo ta cire wannan sharaɗin a 2023, an ɗan samu sauƙi. Amma akwai abin da doka ba ta iya cirewa, a 2012 hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Kebek ta fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Montreal, aka tura takardun neman aiki iri ɗaya sak, sunan kawai aka canza, masu sunan 'yan gari suka fi masu sunan Afirka ko na Larabawa ko na Latin Amurka samun kira da wajen kashi 60 cikin 100. Ba na faɗa miki wannan don ki karaya ba, sai don Alhaji ya daina cewa lalaci ne.

Yanzu zancen kuɗi, don na san nan ne gardamar take a gida. Aikin sito sau da yawa kusa da mafi ƙarancin albashi ake biya, a Ontariyo wajen dalar Kanada 17 da ɗoriya a awa. In ya samu awa 40 a mako, a wata ya tashi da wajen 2,900 zuwa 3,000, ki juya shi zuwa sefa ya haura miliyan ɗaya, wanda ya ji wannan a majalisa a Garwa zai ce ai yaron nan ya haye. To kafin kuɗin su shiga hannunsa an cire haraji da na fansho da na inshorar rashin aiki. Mai mata ba zai zauna ɗakin gwauraye ba, ɗan ƙaramin gida a birni zai iya cinye rabin abin da ya rage ko fiye, ga katin bas na wata, ga waya, ga abinci, ga rigar sanyi da takalmin ƙanƙara wanda ba kwalliya ba ne dole ne. Kuma awa 40 ɗin ma ba tabbas, yawancin irin wannan aikin ta hannun kamfanin dillancin ma'aikata ake samu, da la'asar saƙo zai shigo wayarka ko ka zo yau da dare ko babu, ka sa takalminka mai ƙarfe a baki ka tsaya awa takwas kana ɗora kwali a kan katako, na'ura tana ƙirga nawa ka ɗaga. Watan da kika ji shiru, watan da saƙon bai shigo sosai ba ne.

Abin da ni nake jin tsoro ba kwalin shekarar farko ba ne, a shekara ta huɗu a same shi yana nan. Mafi yawa suna fita a hankali, in shekaru suka tafi albashinsu yana hawa, amma fitar tana da tsada, sai ya rage awannin dare ya shiga ajin Ingilishi wanda gwamnati ke bayarwa kyauta ga masu takardar zama, sai ya buɗe fayil a ƙungiyar injiniyoyi, sai ya yarda ya karɓi aikin mataimaki a masana'anta ko da bai kai matsayinsa ba don dai ya shiga layin sana'arsa ya samu wanda zai tsaya masa, wani lokacin ma sai ya bar babban birni ya koma ƙaramin gari ko inda ake jin Faransanci irin su Otawa da Sudbury da Moncton. Duk wannan rage turo kuɗi ne na wani lokaci. A ganina waɗanda suka fi maƙalewa a sito su ne waɗanda gida ya fi matsa wa, yau suna gobe biki jibi rufin ɗaki, yaro ya ƙara awanni don ya fita kunya, ya gaji ya kasa karatu. Ku zauna ke da Alhaji ku ɗauke masa nauyi na shekara ɗaya ko biyu, ku faɗa masa da bakinku don shi ba zai iya roƙa ba. Matar kuma a daina zarginta, a ƙarfafa ta ta shiga aji ita ma, gida mai albashi ɗaya a can da ƙyar yake numfashi.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni nas ne a Marwa, ina da difloma ta gwamnati, shekara shida ina aiki a wani asibitin kuɗi amma albashin ko ashirin ga wata baya kai ni. Wani abokina ya haɗa ni da wani mutum a WhatsApp yace in na bada miliyan uku zai samo min kwantiragin aiki a asibiti a Kanada, rabi yanzu rabi in biza ta fito, har ya turo min hoton takardun wasu da yace shi ya yi musu. Ya kake gani?

AMSA: Ɗana kada ka ba shi ko sefa biyar. Dokar Kanada ta hana mai ɗaukar ma'aikaci daga waje ya karɓi kuɗin ɗauka a hannun ma'aikacin, kuma saboda cinikin takardun aiki ya yi yawa, tun watan Maris na 2025 aka daina ba da ƙarin maki a Express Entry don wai kana da tayin aiki. Sannan babu asibitin da zai sa ka a ɗakin marasa lafiya a matsayin nas ba tare da lasisin ƙungiyar nas-nas ta lardin ba, ko da wa ya sa hannu a kwantiragin. In kuma takardar bogi ce aka saka a fayil ɗinka aka gano, shekara biyar za a hana ka nema, kai za a hana ba shi ba, shi ya canza lamba ya ci gaba da sana'arsa.

Hanyar gaskiya kai da kanka za ka iya binta a shafin gwamnatinsu, ka yi jarrabawar Faransanci ta TCF ko TEF a cibiyar da aka amince da ita, a tantance difloma, ka nuna kana da kuɗin riƙe kai, na mutum ɗaya wajen dalar Kanada 15,000 ne, kuma a asusunka suke zama ba wani ake ba. Ka san kuma ƙofar ta ɗan matse, a Oktoba 2024 sun rage yawan waɗanda za su karɓa a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000, ko da yake kason masu Faransanci ƙara shi suka yi.

Abin da nake so ka sani tun kana Marwa shi ne aikin da za ka fara da shi. A ƙidayar 2021, cikin baƙin da suka je da digirin nas na waje waɗanda ke aikin nas ɗin ba su kai huɗu cikin goma ba, likitoci ma wajen huɗu cikin goma ne. Da yawa gidan tsofaffi suke farawa, ka yi wa tsoho wanka ka canza masa ka ba shi abinci a baki, mace ko namiji ba a zaɓa maka. Aiki ne na halal kuma ana neman masu yinsa sosai, amma ka tambayi zuciyarka yanzu ko za ta ɗauka na shekara biyu ko uku kana karatun lasisi a gefe. In za ta ɗauka bismilla, miliyan ukun nan ka ajiye su don jarrabawa da hayar watannin farko.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Najeriya ne daga Mubi, mai walda ne, na shigo Garwa wata takwas kenan saboda yadda naira ta lalace. Ina aiki a shagon wani mutum, ƙofofi da tagogi da gadaje duk ni nake haɗawa har masu kawo aiki suna cewa a ba ɗan Najeriyan nan, amma abinda yake bani bai kai na yaran da nake koya wa aiki ba, wata biyu ma yanzu sai dai ya bani na abinci yace in yi haƙuri, in nayi magana sai yace in tuna bani da takarda. Shin baƙo yana da haƙƙi a dokar ƙasar nan ko sai dai in bar shi da Allah?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da zuwa. Lissafin da ya kawo ka na gane shi, tun da aka saki naira a 2023 jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu ɗaya, ta koma sama da naira dubu biyu, wanda a da ko dubu ɗaya ba ta kai ba, don haka ɗan abin da ka samu nan in ya tsallaka iyaka ya zama kuɗi. Masu shaguna ma sun san wannan lissafin, shi ya sa suke taya ku da arha.

A takarda kana da haƙƙi. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce in aiki ɗaya ne ƙwarewa ɗaya ce to albashi ɗaya ne ba ruwanta da asalin mutum, ta kuma yarda da yarjejeniyar baki, ana iya tabbatar da ita ta kowace hanya, kuma bashin albashi kana da shekara uku kana binsa. Mafi ƙarancin albashi tun 2023 a sana'o'in da ba noma ba sefa 60,000 ne a wata, na noma 45,000. In rigima ta taso ofishin sufeton aiki ake fara zuwa, wanda ake kira Inspection du Travail, ya kira ku ya yi sulhu, in ya gagara sannan kotu, kuma ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Wannan a takarda kenan. A ƙasa kuma, sama da takwas cikin goma na masu aiki a ƙasar nan ba su da kwantiragi ba su da lambar CNPS ta asusun fanshon ma'aikata ba su taɓa ganin takardar albashi ba, 'yan ƙasa ma kenan balle kai, kuma ƙa'idar ɗaukar baƙo aiki a hukumance ita ce a rubuta kwantiragi minista ya sa masa hannu, nauyin neman wannan a kan mai ɗaukar aikin yake ba a kanka ba, amma wane mai shagon walda ne zai kai takarda Yawunde.

Abin da maigidanka ya riƙe ka da shi shi ne takardar zama, kuma a nan yana da ɗan abin kamawa. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tana cikin CEMAC ne, ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka, da Cadi da Afirka ta Tsakiya da Gabon da Kongo da Ikwatoriyal Gini. Akwai tsohuwar yarjejeniya tsakanin Najeriya da Kamaru da ta sa kake shigowa ba biza, amma shigowa daban zama daban, in ka wuce wata uku katin zama ake so ka yi, kart sejur, na shekara biyu, a wajen 'yan sandan shige da fice. Da tsada, na sani, amma ka lissafa abin da kake zubarwa a shingaye da abin da ake danne maka saboda babu shi. Ka fara da katin ofishin jakadancinku, akwai babban ofishi a Yawunde da ƙanana a Duwala da Buya, sannan ka tara na sejur ɗin a hankali.

Kafin nan ga abin da za ka yi daga gobe. Ka sayi ɗan littafi, duk aikin da ka haɗa ka rubuta rana da irin aikin da sunan mai shi, ƙofa biyu ta wane, gado ɗaya na wance, ka ɗauki hoto da wayarka kafin a yi fenti, abin da ya ba ka ma ka rubuta ko jaka ɗaya ce. In zai yiwu ka ce ya riƙa turo maka ta waya don saƙon ya zauna shaida. Sannan kada ka fara da ofis, ka fara da manya. Hausawan da ka gani a Garwa da Ngaundere har unguwar Birketeri ta Yawunde, kakanninsu da baƙunta suka zo, fatauci da fawa da malanta, kuma ba wanda ya sauka hakanan, kowa da maigidan da ya sauke shi ya tsaya masa. Kai kuskuren da aka yi maka tun farko shi ne wanda ya ba ka aiki shi ne kuma kaɗai wanda ya san ka a garin. Ka nemi shugaban 'yan Najeriya mazauna gari, ko Sarkin Hausawa, ko limamin masallacin da kake salla, ka je da littafinka, a kira shi a gaban mutanen da yake jin kunyarsu. Sau da yawa kuɗin da sufeto zai yi wata uku yana nema, zama ɗaya a zaure yake fito da su. Kuma tunda masu kawo aiki da kansu suke cewa a ba ka, ka riƙe lambobinsu, wata rana injin walda naka ne za ka saya.

TAMBAYA: Malam ni magini ne a Marwa, ina da yara ina da iyali. Gaskiya baƙin nan sun kashe mana kasuwa, aikin da muke yi jaka uku a yini sai wani ya zo ya karɓa jaka ɗaya da rabi har da godiya, mai gini kuma ina ruwansa. Ana ta cewa a tausaya musu, mu wa zai tausaya mana? Ba a sansani ya kamata su zauna ba tunda ana basu abinci?

AMSA: Maigida ba zan ce maka ƙarya kake ba. Masu cewa zuwan baƙi ba ya taɓa kowa ba su taɓa tsayawa bakin titi da shebur da sassafe suna jiran mai ɗauka ba. Yana taɓawa, kuma wanda ya fi taɓawa shi ne wanda aikinsa iri ɗaya ne da na sabon zuwa, lebura da mai kwaɓa siminti da mai ɗiban yashi da masu dashen muskuwari da aikin albasa. Wanda ya ci ribar kuma ba baƙon ba ne, mai ginin ne da ya mayar da jaka ɗaya da rabi aljihunsa.

Amma zancen sansani ka gyara shi. Sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo da ke kusa da Mokolo an buɗe shi a 2013, yana da mutum sama da 70,000, akwai yaran da aka haifa a ciki yanzu sun tasa, abincin da ake rabawa an sha rage shi saboda kuɗin agaji ya ja baya, kuma ba a raba kuɗin magani da sabulu da sutura yadda zai isa. Dokar 'yan gudun hijira ta 2005 ta ba wanda ke da katinsa damar yin aiki, ba laifi yake yi ba. Sannan da yawa daga waɗanda kake kira baƙi 'yan ƙasa ne kamarka, mutanen Kolofata da Amcide da Fotokol da ƙauyukan kan dutse da Boko Haram ta tasa, manoma ne da suka rasa gona, ba inda za ka mayar da su.

Ni abin da na ga yana aiki shi ne magina su haɗa kai su tsayar da farashi, su jawo baƙin cikin ƙungiya maimakon su bar su a waje, don mutum yana karɓar rabi ne saboda bai san kowa ba kuma yunwa ba ta jira, ran da ya san akwai masu tsaya masa ba zai yarda da rabi ba. Kai kuma da ka daɗe a sana'a ka daina gasa da su a yini, ka koma karɓar aiki gaba ɗaya, ka iya karanta zane, ka iya ɗaurin ƙarfe da dakali da tayil, ka ɗauke su aiki a ƙarƙashinka. Sai dai in ka ɗauke su ka biya su jaka ukun da kake kuka a kai.

TAMBAYA: Salam. Ina da 'yar makaranta mai zaman kanta a Njamena, wata baiwar Allah 'yar Sudan ta zo neman koyarwa, tace malamar lissafi ce a can kafin yaƙi, takardunta duk sun ƙone sai katin 'yan gudun hijira. Na gwada ta a aji wallahi ta fi waɗanda nake dasu. Zan iya ɗaukarta ba tare da na shiga matsala ba?

AMSA: Hajiya za ki iya. Cadi ta yi dokar mafaka a Disamba 2020 wadda ta ba ɗan gudun hijira damar aiki, kuma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilu 2023 mutane suka yi ta kwararowa ta Adre har 'yan gudun hijira a ƙasar suka haura miliyan ɗaya, cikinsu akwai malamai da likitoci da lauyoyi da ke zaune ba abin yi. Ita tana da sa'ar da ɗan Hajiyar Garwa bai samu ba, Larabci harshen hukuma ne a Cadi tare da Faransanci, in ɓangaren Larabci za ta koyar ba ta da matsalar baki, sai dai ki ba ta manhajar Cadi ta duba don ba daidai take da ta Sudan ba.

Ki je da ita ofishin CNARR, hukumar da ke kula da 'yan gudun hijira, a tabbatar katin nata yana aiki, ki kuma leƙa ONAPE, ofishin samar da aikin yi, ki ji abin da suke buƙata na rajistar ma'aikaci kafin ta fara. Ki rubuta mata kwantiragi, ki biya ta daidai da sauran malaman lissafi, mafi ƙarancin albashi a Cadi sefa 60,000 ne amma malamar da kika ce ta fi naki ba a nan za ki tsaya ba. In shekara ta ƙare ki ba ta takardar shaidar aiki mai hatimin makaranta da lambar wayarki a jiki, ko da wani wuri za ta nema gaba.

Masu tambaya kan aikin gida a Saudiyya da Kuwait na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.